Sirdi ko Amalanke: Wanne Za a Fara Ɗora wa Duƙushi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da duƙushi aharas, haihuwar gidanmu ne, goɗiyar tsohona ce ta haife shi, yanzu shekararsa 2 da wata 4. A Jiratawa muke, ina noman rani, kuma jakin da ke kai mini kaya kasuwar Maradi ya tsufa, tafiya ɗaya sai ya kwana biyu yana hutu. Ni so nake in hori duƙushin nan da jan amalanke ya riƙa ciyar da kansa, don geron da harawar da yake ci ba wasa ba ne. Tsohona kuwa ya ce atafau, doki na hawa ne, a ɗora masa sirdi tun yanzu ya fita hawan Sallah mai zuwa, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani abokina kuma ya ce ya gani a waya Turawa da ja suke farawa, don ja ba ya taɓa bayan doki. Idan ana so ya iya duka biyun, da wanne ake farawa? Daga wani mai karatu a Jiratawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka ci gaba da karatu, ajiye mujallar nan ka je turke ka ɗaga leɓen duƙushin. Haƙoran gaba da za ka gani ƙanana ne, farare tas, masu ɗan wuya daga wajen dasashi. Na nono ne, ko ɗaya bai zube ba. Sai ya kai shekara 2 da rabi zai yi famfarar farko, na tsakiya su zube, biyu sama biyu ƙasa. Na kusa da su sai shekara 3 da rabi, na gefe sai 4 da rabi, baki ba ya cika sai ya shekara 5. Wato abin da kai da tsohonka kuke ja-in-ja a kansa yaro ne da bai ma fara famfara ba.

Ƙashi ma haka yake tafiya, daga ƙasa yake ƙwari yana hawa. Na kusa da kofato su ne na farko, gwiwa wajen shekara 2, ƙashin gadon baya kuwa, inda sirdi ke zama, shi ne autansu, sai shekara 5 zuwa 6. Nan ne mutane ke ruɗuwa. Su ga duƙushi ya yi tsawo, ya yi ƙirji, yana haniniya yana tonon ƙasa in goɗiya ta gitta, su ce ai ya isa. Ka gaishe mini da tsohonka, ka ce masa karin maganarsa gaskiya ce, amma iccen da aka tanƙwara yana ɗanye ai a tanƙware yake bushewa. Dawakin nan masu lotsattsen baya kamar kwale-kwale da ake gani a wasu turaka, da yawansu ba haka aka haife su ba.

To ga amsar a gajarce: bana ba sirdi, ba amalanke. In lokaci ya yi, hawa ne farko, amalanke ta biyo baya.

Abokinka bai yi ƙarya ba, ya dai kawo rabin zance. A Turai da Amurka masu manyan dawakin noma sukan fara da ja, kuma hujjarsu mai kyau ce: doki da ƙirji da cinya yake ja, ba da gadon baya ba, don haka ja marar nauyi ya fi sauƙi ga ƙaramin doki a kan ɗaukar ƙato. Ba sai mun je nesa ba ma. Duk wanda ya taɓa zuwa Kawlak ko Tuba a Senegal ya ga doki yana jan amalanke, yana jan injin shuka gyaɗa, ba wanda ke ɗaga kai ya kalle shi. Amma su kayan jansu don doki aka ɗinka su, kekensu don doki aka ƙera shi. Mu fa? Amalanken da ke ƙofar gidanka na san ta ko ban gan ta ba: ƙarfe ce mai walda ya haɗa, da tayoyin tsohuwar mota, hannuwanta biyu a tsayin jaki, sai akumari na tsumma da buhu a baya da igiyar leda a ƙirji. Irin wannan amalanke mai taya biyu, in aka jibga kaya daga gaba, nauyin a bayan dabbar yake sauka kai tsaye. Ka duba gadon bayan jakan da ke shigowa kasuwa ranar Litinin da Juma'a ka ƙirga masu miki. Ga kuma rairayi. Daga fadama zuwa kwalta, taya nutsewa take yi, jan da zai yi a nan ya ninka na kan hanya mai tauri. Saboda haka zancen cewa ja ba ya taɓa baya, a wajenmu sai an yi gyara yake zama gaskiya.

Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Babban dalilina yana nan a ƙwaurina na hagu, tabo ne mai tsawon yatsa.

Ina saurayi, kawuna yana da wani ɗan akawal mai shekara 3, lafiyayye, mai sanyin hali, yara ma kan shiga ƙarƙashin cikinsa. Ba a taɓa hawansa ba. Wata kaka jakin gidan ya yi targaɗe, ga kara a gona can wajen Gulbi yana jiran ɗauka, ga kawu ya tafi ta'aziyya Tibiri. Ni da ɗansa muka ce ai wannan dokin ko kaza ba ya kora, bari mu gwada. Muka cusa shi tsakanin hannuwan amalanke, ya tsaya cak, kunnuwa dai suna juyawa baya. Muka ja shi a hannu ya bi. Muka ce shi ke nan, ya iya. Na ɗare sama na karɓi igiya. A fili ba abin da ya faru, har na fara waƙa. Da muka zo gangaren da ke sauka fadama, amalanke ta fi shi sauri, don ba mu ɗaura masa komai a cinya da zai tare ta ba, ba mu ma san ana yi ba. Ƙarfen gaba ya zo ya doke shi a bayan ƙafa. Ya zabura. Da ya zabura abin ya biyo shi da ƙara, ya sake dukansa. Ya yi harbi, ƙafa ɗaya ta haye kan hannun amalanke, ya fizge ta da ƙyar ya zuba a guje. Ni dai na tsinci kaina cikin ƙaya, ƙwauri yana jini. Shi kuwa sai da amalanke ta kife ta karye hannu ɗaya sannan ya tsaya, jiki yana rawa, gumi yana zuba kamar an yi masa wanka. Dokin nan ya yi shekara 15 a gidan bayan haka, an hau shi, ya yi hawan Sallah ba adadi, amma har ya mutu in yaro ya ja gwangwani a bayansa sai ya tsinke igiya. Abin da kawu ya yi mana da ya dawo, wannan ba na mujalla ba ne.

Ka lura da bambancin. In duƙushi ya firgita da mahayi, ya yi tutsu ya kayar da shi, abin tsoron ya rabu da shi, ya yi ɗan gudu ya tsaya ya kama cin ciyawa. In ya firgita da amalanke, abin tsoron ɗaure yake a jikinsa, iya gudunsa iya bin da yake yi masa. Kuma idon doki a gefe yake, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa, ban da daidai bayan wutsiya da daidai ƙarƙashin hancinsa. Amalanke a wannan makahon wurin take zama. Sannan mai amalanke igiya biyu da murya kawai gare shi, yana zaune nesa. Mahayi yana da ƙafa, yana da nauyin jiki, yana jin bayan dokin ya ɗaure tun kafin ya bauɗe, yana iya juya shi a wuri ƙanƙane ko ya diro ya riƙe shi. Garin Maradi na yau da kabu-kabu da adaidaita da tirelolin da ke fitowa daga Ɗan Isa, gara doki ya fara ganinsu da mutum a bayansa da ya fara ganinsu da ƙarfe ɗaure a ƙugunsa.

Yanzu bari mu zo kan aikin bana, don ba cewa na yi ka bar shi a turke yana cin banza ba. Wannan shekarar ita ce ta horo na ainihi, kuma duk a ƙasa ake yin sa.

Ka fara da abin da ake rainawa. Ya bi ka da ragama ba ja ba turjiya, ya tsaya in ka tsaya, ya ja da baya in ka taɓa ƙirjinsa. Ya bari ka ɗaga ƙafafunsa huɗu ka ƙwanƙwasa kofato. Ka shafe shi da buhu tun daga geza har wutsiya, da ciki, da tsakanin cinyoyi, har ranar da za ka yi masa haka yana gyangyaɗi. Ka zaɓi kalma ɗaya ta tafiya, ɗaya ta tsayawa, kowa a gidan ya yi amfani da su, kada kai ka ce wannan ƙanenka ya ce wancan. Tsayawa ita ce uwar karatu. Dokin da ba zai tsaya minti 5 a sake ba tare da an riƙe shi ba, bai isa shiga amalanke ba ko shekararsa 10.

Daga nan sai igiya biyu. Ka samu igiyoyin auduga masu laushi, kowace mita 6 zuwa 7, ka ɗaura ɗaya a kowane gefen ragama. Ka ɗaura masa majayi, wato ɗamarar ciki, a kan jalala, shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, amma ba sirdi, ka sa zobe a kowane gefe igiyoyin su bi ta ciki don kada su faɗi ya taka. Kai kana bayansa, amma ka ɗan karkace gefe inda yake ganinka, kuma nesa da inda ƙafa za ta kai. Kwanakin farko wani ya riƙe kansa yana tafiya da shi, kai kana ba da murya. Sannu a hankali mai riƙon ya saki, ya koma tafiya a gefe, daga baya ya ɓace. Da wannan ne doki ke koyon tafiya gaba shi kaɗai ba wanda yake bi, ya juya dama, ya juya hagu, ya saba da igiya tana goga masa cinya. Mahayi yana bukatar wannan, mai amalanke yana bukatarsa, shi ya sa na ce gardamarku ba ta taso ba tukuna. Minti 15 zuwa 20 ya isa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma ka tashi a kan abin da ya yi daidai, ko da ƙarami ne. In ka ji ranka ya fara ɓaci, mayar da shi turke ka tafi ban ruwan albasarka.

In wannan ya zauna, bayan wata biyu ko uku, sai ka shigo da ƙara a baya. Wani ya riƙa jan tsohuwar taya a gefensa, sannan a bayansa, ba a ɗaure da shi ba. In ya daina kula ta, sai a sa masa ɗamara mai faɗi a ƙirji, igiyoyinta su zo baya, mataimakinka ya riƙe su yana ɗan jingina da nauyinsa, don dokin ya gane cewa in abu ya tokare masa ƙirji turawa ake yi, ba ja da baya ba. Sai a ratsa igiyar ta cikin taya, bakinta yana hannun mataimaki, ba ƙulli. Ya firgita, a saki, taya ta tsaya nan. Kada ka taɓa ƙulla wa duƙushi abin da ba za ka iya rabawa da shi cikin ƙiftawar ido ba. Daga baya ka sa masa sanduna biyu na bedi a gefe su riƙa taɓa haƙarƙarinsa in ya juya, su ne za su zama hannuwan amalanke wata rana. Iyakar jan bana ke nan: taya da sanda.

Sai maganar linzami, wadda a nan ne masu son doki ya iya aiki biyu suka fi yin ɓarna. Linzaminmu na gargajiya, mai harshe a ciki da zoben da ke kewaye haɓa, an yi shi ne don mahayi mai hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da mashi ko takobi. Aikinsa tsayar da doki nan take, shi ya sa ake samun zamiyar nan da ke tayar da ƙura a gaban Sarki. Juyawa kuwa da kamazuru, wato igiyar linzami, a wuya ake yi, da ƙafa. Mai amalanke ba shi da ko ɗaya, shi dole ya ja baki ta gefe ɗaya. In ka ja irin wannan linzami ta gefe da igiya mai mita 6, ƙarfen zai murɗe a baki ya soki ganɗa, dokin ya miƙe a ƙafa biyu, kuma miƙewa tsakanin ƙarafa biyu ka san ƙarshenta. Saboda haka ka fara da ragama zalla. In famfarar farko ta wuce, dasashi ya warke, ka sa masa ɗan linzami sassauƙa mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe. Da shi za a fara hawansa, da shi zai yi ja. Babban linzami na ado da zamiya sai baki ya cika, kuma a hannun wanda ya iya. Dokin da ya fara sanin sassauƙa yana karɓar mai tsanani daga baya. Wanda aka fara fasa wa baki, da wuya ya sake yarda da hannun mutum.

Hawa sai ya cika shekara 3, in ka iya haƙuri har 3 da rabi ya fi. A samu yaro marar nauyi mai natsuwa, ba mai son a gan shi ba. Ya fara kwantawa a kan bayan a kife, ya sauka, ya sake, kwana da kwanaki kafin ya ƙetara ƙafa. Tafiya kawai da ɗan sassarfa, ba sukuwa, ba ƙaimi. Abin da aka saba aunawa shi ne doki ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, har da sirdi. Dawakinmu da yawa ba su wuce kilo 300 zuwa 350 ba, wato kilo 60 zuwa 70 ke nan, kuma wannan lissafin na babban doki ne da ya gama ƙwari. Ka ɗora sirdin icce da kayan ado da babban mutum mai rawani da alkyabba, ka ga inda aka kwana. Hawan Sallah mai zuwa dai ya fita, amma a jaye, ba kowa a kansa, tare da uwarsa ko wani tsohon doki mai hankali, a tsaya nesa-nesa ya ji tambari da kakaki da bindiga. Wannan fitar ta fi masa wata guda na kilisa amfani, kuma tsohonka zai samu abin nuna wa abokansa.

In ya shekara 4, ya yi wata shida ko fiye ana zagaya gari da shi, sai a koma kan taya da sanduna na mako biyu, sannan amalanke. Kafin ranar ka kai ta wajen mai walda. A ɗaga hannuwanta su zo daidai tsakiyar haƙarƙarin doki a miƙe, a ƙara musu tsawo yadda ko ya miƙe ƙafa baya ba zai taɓa ƙarfen gaba ba. A sa wata ƴar sanda mai lilo a gaban amalanken a ɗaura igiyoyin ja a bakinta biyu, don kafaɗun doki ɗaya bayan ɗaya suke motsi, in igiyoyin a kafe suke ɗamara za ta riƙa zuga fata har ta yi miki. Ɗamarar ƙirji ta zama ta fata ko auduga mai faɗin tafin hannu, ta zauna sama da ƙashin kafaɗa, ƙasa da maƙogwaro. Sai ɗamarar cinya, wadda rashinta ya ba ni tabo: tana zagaye bayan cinyoyi, a ɗaure da hannuwan amalanke, ita ce birki a gangare. Badukun Maradi za su ɗinka maka duka in ka zana musu. Ranar farko mutum uku, amalanke ba kaya, a turo ta zuwa gare shi, ba shi za a tura cikinta ba, kuma a fili mai tauri, ba gangare. Da ka fara lodi, ga gwaji: ka ɗaga hannuwan amalanken da kanka bayan an gama ɗora kaya. In ka iya riƙe su da hannu ɗaya ba nishi, lodin ya daidaita a kan taya. In sai ka yi da gaske, duk wannan nauyin a bayan dokinka zai kwana. Cikakken lodi cikin rairayi kuwa sai ya shekara 5.

Na san inda tsohonka ya dosa, kada ka ga laifinsa. Garin nan a bayan doki aka kafa shi. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi da dawaki suka riƙe Maradi, da dawakin nan Sarkin Maradi Ɗan Baskore ya riƙa kai hari har ƙofar Katsina, Gobirawan Tibiri ma haka. Amalanke baƙuwa ce a kan wannan, kuma da shanu da jakai muka san ta. Ga dattijo irinsa, ganin ɗan goɗiyarsa yana jan buhunan albasa kamar ganin ɗan sarki yana dako ne. Ni ban ɗauke shi haka ba, na ga dawakin da zaman turke da ƙoshin gero suka lalata fiye da waɗanda aiki ya lalata. Amma shekara biyu ce tsakaninku da wannan gardamar, kuma a cikinsu dole ka nemi wani jakin, don albasa ba za ta jira ƙashin baya ya yi ƙwari ba.

TAMBAYA: Baba, nawa dokin shekararsa 7, tun yana ƙarami ake hawansa. Ya tsufa da koyon amalanke? Daga wani mai karatu a Tibiri.

AMSA: Bai tsufa ba ɗana, shi ne ma daidai, ƙashi ya gama, hankali ya zauna. Ka bi matakan da na faɗa a sama ba tsallake, sai dai shi zai fi sauri, watakila mako shida zuwa takwas. Abu biyu za su ba ka wahala. Na farko baki: ya saba da babban linzami, in ka sa masa sassauƙa zai ɗauka ba komai a bakinsa, sai ka dogara da murya har ya gane. Na biyu, in dokin sukuwa ne da ya saba tashi da zarar ya ji wani doki ya zo ta bayansa, ka gwada shi tun yana kan taya: ka sa wani mahayi ya wuce shi a guje har sau uku a rana daban-daban. In duk ukun ya fizgi igiya daga hannunka, bar shi da sirdinsa.